Maiturare Mai Hancin Aro

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci ido ya kuma yi masa marfi.

Ƙanena Abdulsamad, wanda kasuwar Birnin Gwari ba ta san shi da wani suna ba sai Maiturare, ya yi shekara uku cur yana sayar da turaren da shi kansa ba ya jin ƙamshinsa. Yanzu da magana ta riga ta fito, shi ya ce in rubuta yadda abin ya faru, da sharaɗin kada in rage masa tsawo. Gajere ne tun asali, ba abin da zan samu in rage.

A Tsohon Birnin Gwari aka haife mu, ni ce babba, tsakaninmu shekara tara. Tun yana ƙarami aka san hancinsa ba irin na kowa ba ne. In Inna ta dawo daga unguwa sai ya shinshina zanenta ya ce, "Gidan Liman kika je, suna suyar albasa." Sau biyu yana shan duka a kan haka, don akwai gidan da Inna ba ta so Baba ya san ta biya. In an tafi gonarmu ta wajen Tabanni, a bakin daji, mu muna noma shi yana bin itatuwa yana ɓamɓarar ƙaro, ya tono saiwar jema, ya cika aljihu da ƙajiji, duk kayan ƙamshin daji. Baba ya ce wannan ba da fartanya zai ci abinci ba. Da ya tasa aka kai shi Zariya wajen wani mai turare. Ya yi shekara shida, ya dawo da akwatin katako mai kwalabe arba'in, da wani irin taku na mutumin da ya san yana ƙamshi.

Ni hanyata daban. Aure ya kai ni gidan da sana'arsu daddawa, na yi shekara talatin ina dafa kalwa ina rufe ta a kwando. Allah ya yi wa sana'ar albarka, da ita na aurar da 'yata Karima, amma hancina ya tafi a ciki. Yau ko fure aka miƙo mini sai in ji kamar da ɗan daddawa-daddawa a ƙarshensa. Da maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, na gama takaba, Samadu, haka muke kiransa a gida, ya zo da mota ya kwaso ni da tukwanena. Tukwanen ya kai su can bayan gida kusa da turken awaki, ya ce su da kayansa ba sa shan inuwa ɗaya. Aikina a wajensa wanke kwalabe ne da ɗaura musu zare a wuya: ja na sandal, kore na almiski, baƙi na ambar.

A lokacin gonar Tabanni ta zama sai labari, tun da daji ya lalace ba mai iya taka ta. Teburin turaren nan shi ke ciyar da mu, mutum goma sha ɗaya har da ni.

Wanda bai taɓa zama a rumfarsa ba zai ɗauka da hanci kaɗai ake sana'ar. Samadu ya daɗe da gano cewa mutanenmu ba sa faɗin gaskiya a gaban abin da suke so. Bahaushiya ta ji turaren da ya tafi da ranta, sai ta taɓe baki ta ce, "Ba laifi." Bafulatani ya ji, sai ya kau da kai ya tambayi labarin ruwan sama. Don haka ya daina sauraron baki, ya koma kallon ido. Ba farin ba, ba kuma baƙin duka ba. Ɗan ɗigon nan na tsakiyar ƙwayar ido, wanda ya fi ko'ina baƙi, shi yake dubawa. Taga yake ce masa. Ya ce in abu ya taɓa mutum, tagar kan ƙara buɗewa ba da izinin mai ita ba, ido kuma ya manta da ƙiftawa na ɗan lokaci, kamar mai sauraron sallama daga nesa. In bai taɓa shi ba, taga na nan yadda take, ido na ta ƙifce-ƙifcensa yana duban rumfar maƙwabta.

Idon mutanenmu baƙi ne, ganin tagar ba wasa ba. Shi ya sa ya ajiye bencin baƙi a inda haske ke shigowa a kaikaice. Kuma ba ƙura ido yake yi ba, balle ga matar wani. Kallo ɗaya ne, daidai lokacin da yake miƙa murfin kwalba, sai ya sunkuyar da kai. Ya kuma san wanda ya fito daga rana ya shigo inuwa, tagarsa buɗewa take yi ko ba turare, don haka ba ya buɗe kwalba sai ya gama gaisuwa. Gaisuwar Samadu kuwa! Ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi gajiya, ya tambayi akuyar da ta yi ɗingishi bara. Mutane na cewa ba a yi mai zumunci kamarsa ba. Ni da ke baya ina wanke kwalba na san jira yake ido ya zauna.

Shekarar kullen korona ya yi zazzaɓi da mura na mako guda. Ya warke, ya koma kasuwa, ba wanda ya ga canji. Ni na gani. Wata Asabar da hantsi na buɗe kwandon daddawa mai kwana uku, irin wanda kaji ma ke ja da baya, sai ga Samadu ya jawo kujera ya zauna dab da shi yana shan koko, yana ba ni labarin wahalar hanyar Kaduna. Na bari ya shanye.

"Samadu, hancinka lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya. Me kika gani?"

Baki ya ce lafiya, amma ido ya ƙifta ya fi sau goma kafin bakin ya rufe. Shi ya koya mini kallon, sai ga shi ya dawo kansa.

Na ce, "Dubi abin da ke gefen ƙafarka."

Ya duba. Ya ajiye kwanon kokon a hankali.

"Wata biyu ke nan, Yaya. Almiski da ruwan randa duk ɗaya nake jinsu. In kasuwa ta ji, wa zai sayi turare a hannun wanda ba ya ji? Ina zan kai yaran nan? Ki rufa mini asiri."

Na rufa. Ban taɓa yin ƙarya a kai ba, don ba wanda ya taɓa tambayata. Maiɗakinsa ta sani, amma ita, ikon Allah, turare ciwon kai yake sa mata tun tana amarya. Ni kuma ga hancina yadda na faɗa. Tsofaffin haɗe-haɗensa yana da su a ka, ɗigo kaza na wannan, ɗigo kaza na wancan. Sai dai man da ake kawowa daga Kano ba kullum yake zuwa ɗaya ba, wani da ƙarfi wani salam, dole sai an ji. Dole ya nemi hancin aro.

Rumfar da ke jikin tasa ta Martha ce, Maman Comfort, 'yar Gbagyi mai sayar da zuma da man kaɗe. Shekara ashirin suna maƙwabtaka, shekara ashirin suna faɗa, ba ta taɓa yabon turarensa ba ko sau ɗaya. Amma hanci ne da ita, tana iya gaya maka zumar nan furen ɗorawa ƙudan ya sha ko na kaɗanya. Ga idonta da ɗan haske, ruwan zuma, taga na fitowa sarai. Sai ya zama duk sabon haɗi ya leƙa rumfarta.

"Maman Comfort, zo ki ji abin da ba a taɓa ji ba a ƙauyenku."

"Ka dai ce in zo in ji sabon maganin sauro."

Ta zo, su gaisa da zage-zagensu, ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Wannan ko bunsuru ka shafa wa sai ya kai ƙararka wajen mai unguwa."

Shi ba ta bakinta yake ba. In taga ta buɗe, ido ya tsaya cak, sai ya ce, "Na gode da zagi," ya zuba a kwalabe. In ba ta buɗe ba ya koma ya gyara. Martha ba ta san an ɗauke ta aiki ba. Haka aka yi shekara uku.

Akwai haɗi guda da ya fi kowanne nauyi a shekara, na Modibbo. Modibbo dattijon malamin Fulani ne a bakin gari, mai ƙarancin magana, wanda in ya ce abu ya zauna. Duk Babbar Sallah Samadu kan yi masa haɗi na musamman, shi kuma duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ɗiga masa a bayan hannu. Daga zaurensa ƙamshin ke bazuwa rugage da unguwanni, bayan Sallah kowa ya zo rumfa yana cewa a ba shi irin na Modibbo. Abincin rabin shekara daga kwalbar nan yake fitowa.

To, ga inda nawa laifin ya shigo. Gwiwoyina sun daɗe suna ciwo, har sujada ta fara yi mini wuya. Ranar Lahadin makon Sallah, Martha ta aiko mini da man darbejiya a ƙullin leda, ta ce in riƙa shafawa. Wanda ya san man darbejiya ya san warinsa, kamar an haɗa tafarnuwa da ruɓaɓɓiyar gyaɗa. Ni ban ji komai ba. Ledar na yoyo, sai na juye shi a wata kwalbar da na wanke, mai jan zare a wuya, da niyyar in kwance zaren. Sai aka kira la'asar. Na ajiye ta a benci kusa da akwatin Samadu, inda ya fito da kwalabensa yana gogewa, na tafi alwala. Da na idar na dawo na ɗauki kwalba mai jan zare na shige ɗaki. Duka biyun mai ne ruwan ƙasa-ƙasa. Gidanmu kuma ko bango ƙamshi yake, ba wanda zai lura da wani sabo.

Litinin ya yi haɗin Modibbo a rumfa, sandal ne rabinsa. Talata da rana ya zauna jiran Martha, ita kuwa ba ta fito da wuri ba. Yana ta leƙe, yana duba agogo, don Laraba zai kai. Can wajen azahar sai ga ta tana laluben hanya, ta ja ɗankwali ta rufe rabin fuska, ido a runtse.

"Maman Comfort, yau kuma amarya kika koma?"

"Rabu da ni, rana ce ke sukar idona. Daga wajen Comfort nake, ta ce wai sai ta..."

Bai bari ta ƙarasa ba. Gaggawa ta sa ya karya dokarsa da kansa: ba gaisuwa, ba jiran ido ya zauna. Tana runtse da idon ya kai mata kwalba hanci. Ta ja numfashi. Ta ware ido.

"Yesu mai ceto!"

Ina zaune a baya, ni ma na gani. Tagar ta cinye ruwan zumar nan kaf, sai ɗan siririn zobe a gefe. Ban taɓa ganin idon mutum haka ba, sai na kyanwa a ɗaki mai duhu. Ga hawaye na bin kumatu.

"Maiturare, wannan mushe ne! Mushen jaki aka soya da tafarnuwa!"

"Na gode da zagi."

"Ba zagi ba ne! Yau da gaske nake!"

"Kullum ma da gaske kike."

Ta koma rumfarta tana tofar da yawu. Shi kuwa ya juyo gare ni cike da murna.

"Yaya, kin gani? Shekara uku ban ga ta buɗe haka ba. Har da hawaye!"

Ya toshe kwalbar, ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya ce ba mai ƙara jinta sai Modibbo. Na ce masha Allah.

Laraba da safe na shafa maganina a gwiwa kamar yadda na yi kwana uku ina yi, na tafi Islamiyyarmu ta manyan mata. Ina zama na ga ana waige-waige. Wadda ke gefena ta matso.

"Yaya, ashe an kusa, ba a gaya mana ba?"

"An kusa me?"

"Wa ya fito? Dattijo ne ko mai sauran ƙarfi?"

Na ce a'uzu billahi. Ta ce to wannan ƙamshin fa? Ajin nan ya watse, har malama ta ajiye alli. Suka bi ni da hanci daga mayafi, zuwa riga, har suka sauka a gwiwa. Wata da mijinta ke fataucin kaya ta ce, "Sandal ne zalla, mai kyawun. Yaya, amare a wuya suke shafawa, ke kuma a gwiwa?"

Suna dariya, ni kuwa sai na tuna kwalabe masu jan zare. In sandal na gwiwata, to maganin gwiwata yana ina?

Ban san ina da sauran sauri ba sai ranar. Na isa kasuwa na tarar rumfar Samadu a rufe. Martha na tata, ido ya koma daidai, ga 'yarta Comfort ta kawo mata abinci. Comfort ma'aikaciyar jinya ce a sashen ido na asibiti. Na gaya musu zancen kwalabe ina haki, na kuma tambayi Martha me ya sami idonta jiya.

Comfort ta ce, "Ai ni na ɗiga mata magani, Yaya. In za mu duba can cikin ido sai mun buɗe shi da magani, yakan yi sa'o'i bai koma ba. Ko dutse kika nuna mata jiya haka za ki gan shi."

Martha ta ce, "Ina ruwan idona da kwalabenku? Ni dai na gaya masa mushe ne. Shi ba shi da hanci ne?"

Ta dube ni, na dubi ƙasa. Martha ba ta da haƙuri amma tana da kai. Ta ajiye cokali.

"Tun yaushe?"

Na kama gyaran mayafina.

"Tashi mu je," in ji ta.

Babur ɗaya muka hau mu biyu, ni ina salati ita tana yi wa mai babur faɗa ya ƙara wuta. Muka isa ƙofar zauren Modibbo, na yi sallama daga waje. Mun makara. Farin ƙyallen na shimfiɗe a kan buzu, kwalba a buɗe. Modibbo ya riga ya shafa a bayan hannu ya goga a gemu. Dattawa uku na zaune, cikinsu har da Bakoji, wani mai shanu da labari ba ya kwana a bakinsa.

Modibbo bai ce uffan ba. Irin tarbiyyarsu, ko garwashi ka ɗora masa a hannu sai ya tambaye ka mutanen gida. Idonsa dai ya buɗe, ga zauren da duhu-duhu, taga wangale. Samadu na durƙushe yana murmushi, yana jiran yabo. Sai idon Modibbo ya fara ƙiftawa, ƙif-ƙif-ƙif, ruwa ya taru a gefensa. Na ga murmushin ƙanena yana raguwa kaɗan-kaɗan.

Bakoji ya ja rawani ya toshe hanci.

"Allah ya gafarta Malam, wannan na mutane ne ko na kaskar shanu?"

Daga bakin ƙofa na ce, "Allah ya gafarta Malam, laifina ne." Na faɗi yadda kwalabe suka sauya. Dattawan suka yi dariya har da tari, Bakoji ya ce to a kawo gwiwar tawa a shafa wa baƙi. Na ɗauka an tsira. Amma yana gama dariya sai ya karkata kai.

"To, ita tsohuwa ta yi kuskure. Kai fa, Maiturare? Ka haɗa, ka toshe, ka ɗauko, duk ba ka ji ba? Abin da ya kori ƙudajen zauren nan?"

Martha ta yi caraf ta ce, "Mura yake yi. Tun shekaranjiya yake fyace hanci, ya hana mu ciniki."

Allah ya saka mata, ƙofa ta buɗe masa. Modibbo ya goge gemu da gefen riga, sannan ya yi magana a karon farko.

"Abdulsamad, dube ni."

Ya ɗago. Mutumin da ya yi shekaru yana leƙa tagar mutane, yau an leƙa tasa. Ya buɗe baki zai ce mura, idon ya hau ƙiftawa kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Ya rufe bakin. Ya sake buɗewa.

"Ba mura ba ce, Modibbo. Shekara uku ke nan ba na jin ƙamshi ba na jin wari. Da idon mutane nake aunawa. Yawanci da na wannan baiwar Allah."

"Da nawa?" in ji Martha. "Shekara uku kana haɗa kaya da idona ko lemo ba ka taɓa saya mini ba?"

Modibbo ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Na bara da na bara waccan, duk haka aka yi su?"

"Haka aka yi su."

Modibbo ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Da, turarenka yakan riga ni shiga masallaci, ya kuma tsaya bayan na fito. Ban faɗa ba, don ba a faɗa. Na shekarun nan ya fi zama da mutum. Na ɗauka tsufa ne ya sa ka yi hankali." Ya tura masa ƙyallen. "Jibi Sallah. Ka je ka sake, ta ji da hancinta, ta faɗa da bakinta. Wannan kuma ka bar wa Bakoji, tun da ya riga ya san amfaninsa."

Kafin la'asar kasuwa ta ji, Bakoji bai yi ƙasa a gwiwa ba. Abin da Samadu ya yi shekara uku yana tsoro ya same shi a wuni ɗaya. Ba zan ɓoye ba, an sha wuya. Wasu da suka daɗe suna saye a wajensa suka koma wata rumfa, har yau ba su dawo ba. Aka yi makonni muna cin tuwo da miyar da ba ta san nama ba. Masu wucewa na kiransa Mai Hancin Aro, yana amsawa da dariya, ya dawo gida ya kasa cin abinci.

A cikin makonnin ne Comfort ta biyo rumfa, ya zaunar da ita ya ce ta gaya masa gaskiyar tagar nan, ko dai yaudarar kansa yake yi tun farko. Ta ce a'a. Ta ce tagar da ƙwaƙwalwa a haɗe suke, in ƙwaƙwalwa ta zabura ta tattara hankali a kan abu, sai tagar ta ƙara buɗewa, in barci na ɗibar mutum kuma ta tsuke, ƙiftawa ta yi nauyi. Ta ce mai sauraro da gaske yakan riƙe ƙiftawa sai an kai gaɓar magana ya sake ta.

"Amma Baba, ba ta gaya maka wane irin abu ne ya zaburar da shi. Daɗi na buɗe ta, tsoro na buɗe ta, lissafi mai wuya ma na buɗe ta. Ƙiftawa kuma ko ƙura ce ta shiga sai a yi."

Samadu ya ce, "Wato taga tana gaya mini an ƙwanƙwasa ne kawai. Ko baƙo ne ko ɓarawo, sai na tambayi mai gida."

"Sai ka tambayi mai gida," in ji Martha daga rumfarta. "Ga ni nan zaune shekara ashirin."

Abin da ya dawo da mutane, ƙamshin sabon haɗin Modibbo ne da ya bazu bayan Sallah, sai kuma son gani da ido. Wata ta zo ta ce ita ba ta yarda ba, a jera mata kwalba biyar, ba za ta ce komai ba, ya faɗi wadda take so. Ya gaishe ta har ya tambayi kajinta, ya miƙa mata ɗaya bayan ɗaya, ya nuna ta uku. Ta ce ƙarya ne, ta kuma sayi ta ukun. Ta kawo ƙawayenta. Yanzu ba a cewa a ba ni kaza, sai dai, "Maiturare, duba ka zaɓa mini." Sai dai ya ƙara abu ɗaya da ba ya yi da. In ya ga taga ta buɗe yakan tambaya, "Daɗi ne ko tsoro?" Wani lokacin ya ci, wani lokacin a yi masa dariya.

Martha kuma yanzu da saninta take aiki, ladanta kwalbar almiski duk Kirsimeti. Kafin ya miƙa mata komai sai ya ce, "An ɗiga miki wani abu yau?" Ta ce, "An ɗiga mini haƙurin zama kusa da kai." Ni an karɓe ɗaurin zare daga hannuna, an bar mini wanki. Gwiwoyin kuwa, ban sani ba ko sandal ne ko gudun ranar, sun yi sauƙi har ina sujada ba tare da dafa bango ba.

Bana, ranar da aka yi ruwan farko, muna zaune a rumfa ni da shi da yamma. Yayyafi ya fara sauka a kan busasshiyar ƙasa. Yana cikin ba ni labari sai ya tsaya a tsakiyar magana, ya ɗaga kai, ya ja iska a hankali. Na dube shi ta gefen da haske ke shigowa. Ido ya tsaya cak, ba ƙiftawa, tagar a buɗe. Hadari ya rufe rana, wurin ya yi duhu-duhu, don haka ban yanke hukunci ba. Na yi yadda aka koya mana, na tambayi mai gida.

"Samadu, daɗi ne ko tsoro?"

"Yi shiru, Yaya," ya ce. "Kamar ƙasa nake ji. Kaɗan. Kada ki kore shi."

Na yi shiru, na ci gaba da wanke kwalba, ina yi masa addu'a a zuci.